Watan da Inna Ta Riga Kowa Gani

Attantane

Zuwa ga Maigida Na Allah,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Maƙwabcinmu Matiyu ke rubuta mini, don haka zan tsare bakina.

Jiya da magariba wata ya tsaya. Ka san halin mahaifiyarka. Ido ya tsufa, amma samari na ta lalube a yamma, Inna ta ɗaga sanda ta ce, "Ga shi can bisa gawo, ku makahi!" Kafin a gama dariya har ya faɗi. Dariyar da muka yi ke nan tun tafiyarka.

Ka ce kafin watan nan ya cika za ka dawo da hatsi. To, na fara dubansa. Dussar da ka bari ta ƙare, mun koma ga 'ya'yan anza na daji, ina jiƙawa ina zubar da ruwan, ɗacin bai fita. 'Yarmu Safi tana ci tana yamutsa fuska. Rumbun iri yana nan a liƙe yadda ka bar shi.

Allah ya kiyaye hanya.
Zara'u

Tasawa

Zara'u,

Na gaishe ki, a durƙusa a gaida mini Inna.

Ban wuce Tasawa ba. Iyaka a rufe take, duk wanda ya nufi kudu sai an koro shi. Na samu aikin sauke buhunan dawar taimako a mangaza, babban ɗakin ajiya, soji ke tsaye a kanmu. Ba sa biya sai an kwashe motoci duka, ranar nan kowa zai samu buhu guda. Wanda ya tafi kafin nan ya yi wa banza wahala.

Na ga watan naki ya yi rabi, yana tsakiyar sama da magariba. Ki bar tsorata ni da shi, ba jirgi ba ne da zai tafi ya bar ni. Ku ƙara haƙuri. Kada a taɓa rumbu, in muka ci iri me za mu zuba a rami in ruwa ya sauka?

Mijinki,
Na Allah

Attantane

Maigida,

Bayan gaisuwa. Wata ya cika, ba ka zo ba. Rana na faɗuwa yana fitowa daga gabas, ja wur, sai asuba yake faɗuwa. Da a shekarun ƙoshi ne, da 'yan mata sun cika dandali. Yanzu fari ne fes a kan gari, ko tafi babu mai yi.

Hasken nan ne ya tona Inna. Muna cin abincin magariba a tsakar gida na ga tana juye rabonta a ƙwaryar Safi, ita kuwa tana motsa baki kamar mai tauna. Allah kaɗai ya san tun yaushe take haka. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zuwa bakin rijiya.

Da safe na jingina tsani a rumbu, zan ɗebo ko damƙa biyu ne in dama mata kunu. Ta rarrafo ta riƙe ƙafar tsanin. Ta ce, "Sauko, ɗiyata. Mace ba ta leƙa rumbun miji, balle na iri. Ba a yi shi gidanmu ba, ba a hwarawa da ni." Na sauko ina kuka.

Maganarka kaɗai za ta ji. Ka aiko da izini, don Allah, kada ka tsaya wasa. Tsoro nake ji.

Zara'u

Tasawa

Zara'u,

Takardarki ta yi kwanaki a aljihun direba, motarsa ba isansi, wato fetur, sai yau ta iso ni. Wata har ya fara makara, da hantsi ma ina ganinsa a yamma, gefe guda ya zaizaye. Na lissafa daɗewar da kuka yi kuna jirana, nan take na nemi takarda.

Ki buɗe rumbu. Na ce ki buɗe. Matiyu ya karanta wa Inna wannan da ƙarfi: Inna, ni ne ɗanki, rumbuna ne, na yarda, na yafe. A daka a dama miki.

Na roƙi sojan da ke kanmu ya sallame ni ko da rabin buhu, ya ce in koma layi. Kullum abinci ne a kafaɗata, uwata kuwa tana tauna iska. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta yau ba.

Ki yi sauri.
Na Allah

Attantane

Maigida,

Sai haƙuri. Inna ta rasu.

Takardarka ta same ta da rai. Lokacin wata ya koma siriri, sai gab da asuba yake leƙowa. Matiyu ya karanta mata har sau biyu. Ta yi murmushi ta ce, "Yaron kirki. Amma ba a hwasa rumbun iri don tsohuwa. In na sha, mi Safi za ta ci baɗi? Ku bari wata shi tsaya in gani, sa'an nan mu yi magana." Na ɗauko tsani, ta rantse ko na dama ba za ta buɗe baki ba. Ka san rantsuwarta.

Da wata ya ɓata ta daina magana. Kafin ya dawo muka kai ta. Ina jin haushinta, ina jin naka, har rumbun ba na son gani.

Jiya wata ya tsaya. Mutane sun daɗe suna lalube, don an saba da mai nunawa. Safi ce ta gan shi, bisa gawon nan. Ta juya za ta gaya wa kakarta.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Irinka yana nan, ko zangarniya ɗaya ba ta fita ba. Ka zo ka buɗe da hannunka, ni ba zan iya ba.

Zara'u