Babin da Na Canza wa Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Baba yana nan a gadon da ke kusa da taga, ana masa ƙarin ruwa. Na bi umarninka. Da ya tambayi abin da likita ya ce, na ce gyambon ciki ne. Kalmar ciwon daji ba ta fito daga bakina ba. Ashe na iya ƙarya, digirina bai tafi a banza ba.

Tunda idonsa ya daina ganin rubutu, ni ke karanta masa tsohon littafin nan da ya yi shekaru yana koyarwa, na mutumin da aka kira kotu ya ba da shaida a kan ƙaninsa, ya faɗi gaskiya, aka rataye ƙanin. Ka tuna a kundina na jami'a na ce wannan ba jarumta ba ce, son kai ne, mutum ya fifita tsabtar bakinsa a kan ran ɗan'uwansa. Jiya Baba ya tsayar da ni ya ce, "Malama, har yanzu kina kan bakanki?" Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. A kan littafin yake tambaya, ko a kan ciwonsa?

Gobe za mu shiga babin kotu. A gaida yara.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarki, Allah ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi. Amma don Allah ki ajiye dogon nazarin nan naki a bakin ƙofar asibiti. Mutumin cikin littafi ba shi da hawan jini, Baba yana da shi. Jarumta a nan ita ce ki haɗiye abin, ki yi masa murmushi. Ki tsallake babin, ki ce shafukan sun yage.

Aikin gadar nan ya riƙe ni, zan zo in hali ya yi. Ki gaishe shi da jiki. Na bar ku lafiya.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban tsallake babin ba, na yi abin da ya fi haka muni. Da muka zo inda alƙali ya tambayi mutumin, sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba." Na sa aka saki ƙanin. Na ma haɗa su suka rungumi juna a bakin kotu, ni da ba na son irin wannan shirmen ko a fim.

Nas ta shigo ta duba ruwan ta fita. Sannan Baba ya ce, "Wannan sabon bugu ne?" Na ce eh. Ya ce, "Ya fi daɗi. Ci gaba, mu ga yadda zai zauna da kansa."

Yanzu kullum ina riƙe da littafi ina ƙirƙira, shi kuma yana gyara mini nahawu. Mutumin nawa ya daina cin abinci, ya kasa haɗa ido da kowa, kuma ban san wa ya sa shi haka ba. Shin Baba roƙona yake in faɗa masa, ko roƙona yake kada in faɗa? Kai da ka san inda ake kafa ginshiƙi, gaya mini.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Barka da aiki. Yau da safe na rufe littafin, na buɗe baki zan faɗa masa. Ya kama hannuna ya ce, "Na sani, Malama. Amma kada ki gaya wa yayanki na sani. Yana da raunin zuciya, ba zai iya ɗauka ba."

Na yi masa alkawari, ga shi kuma ina rubuto maka. Ban san a cikinku wa na ci amanarsa ba.

Ka taho. Gadar za ta jira.

Sai na gan ka.

Ƙanwarka.