Haƙarƙari Biyu Saboda Hokupa'a

Yaya Kawehi,

Ya gwiwarki, ya mutanen Waimea? Mu nan Alaska lafiya lau, in ban da haƙarƙarina biyu.

'Yata ta sauka, namiji. Sunan da aka ba ki a mafarki, Hokupa'a, tauraron da ba ya gusawa, mijinta ya ƙi shi. Wai, "Tsoho, ko a garinku mutum nawa ke amsa wannan?"

Na ce, "Yaro, in aka ƙi sunan mafarki, jariri ne ke kwanciya ciwo."

Ya yi dariya. Na fasa masa baki da kujera, shi kuma ya tattake ni. A asibiti, baki a ɗinke, ya rubuta sunan a takardar haihuwa da hannunsa.

Jikanki lafiya ƙalau, Allah Ya raya shi. In za ki sake mafarki, Yaya, ki jira in warke.

Ƙaninki,
Kamuela