Sandar Farfelar Dama

Legas, 6 ga Nuwamba

Babana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya Mama? Tun da ƙarar loko, wurin gyaran jirgin ƙasa, ta cinye maka kunne, waya ba ta da amfani a tsakaninmu, shi ya sa na zauna na rubuta. 'Yar'uwata Joanna za ta nuna maka a wayarta.

Baba, raina a ɓace yake. Mun fito da wani ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa kan tudu, na wani mai kuɗi, har da ɗakunan kwana da kicin a ciki. Shekara biyu yana ɗaure a ruwan gishiri ba a tayar da shi ba. Jirgin yana da farfela biyu, kowace da sandar ƙarfe da ke ɗauko ƙarfin inji zuwa gare ta, kaurinta ya kai cinyata. Daga waje suna walƙiya. Da muka zare su, sai ga inda roba ke riƙe su tsatsa ta yi ramuka kamar gara ta ci katako.

Manajanmu, Oga Nelson, ya ce a cike ramukan da walda, a goge, a mayar. Mai jirgin zai ɗebi baƙi talatin ran Kirsimeti, sababbin sanduna kuma sai an yi wata biyu kafin su iso. Ni ce zan sa hannu cewa aikin ya yi. Na ce ba zan sa ba. Idan sanda ta karye a tsakiyar teku, farfela za ta iya ficewa da guntun, ruwa ya biyo ramin. Ya ce wai ni da na girma ban ga ruwan da ya wuce na Matsirga da ke can gida Kafanchan ba, ni zan koya masa jirgi? Na ce jirgi nasa ne, amma hannun nawa ne.

Na san zai kai ƙarata wurin Kawu Wilfred. Gara ka ji daga bakina.

'Yarka,
Yemima

Sabon Tasha, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Azariya,

Alheri da salama su tabbata a gidanka. Ina fata kai da 'yar'uwata kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ba da son raina nake rubuta wannan ba. Ka san ni na kai Yemima wurin Nelson, abokina tun muna makarantar sakandare, a lokacin da ta shekara biyu da takardar injiniya a akwati. Shi kaɗai ya yarda ya ɗauki mace a irin wannan aiki. Yanzu ya kira ni yana cewa ta tsaya a gaban ma'aikata tana mayar masa da magana. Mutumin nan shekararsa ashirin yana gyaran jirage, ita ko uku ba ta cika ba.

Na yi mata waya, ta ce mini, "Kawu, ka taɓa ganin sandar?" Ni take tambaya haka! Yaya, maganarka kaɗai take ji. Ka ce mata ta sa hannu. Matasanmu nawa ke zaune a Kafanchan ba aikin yi? Kada taurin kai ya dawo da ita cikinsu.

Ka gai da gida duka.

Naka cikin Ubangiji,
Wilfred

Kafanchan, 11 ga Nuwamba

Yemima,

Muna lafiya, Mamanki na gaishe ki. Ta kai maganarki Zumuntar Mata a coci an yi addu'a, wato yanzu duk unguwa ta san farfela.

Kawunki ya aiko mini da wa'azi. Wilfred da ko tayar keke bai taɓa cirewa ba! Amma kada ki yi murna tukuna, don ke ma ba ki burge ni ba. Kin ce ramuka. To, sai me? Rami kawai kika gani, ko ƙarfen ya tsage? Ba ki faɗa ba, don ba ki sani ba. Kin tsaya kina zuba baki da babba, hannunki ba komai. Ni ban koya miki haka ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a loko ina duba sandunan ƙafafun tarago, ba mu da na'urar kowa. Ga abin da za ki yi. Ki wanke wurin tas. Ki jiƙa shi da kananzir, ki bar shi ya sha na awa guda. Ki goge har ya bushe, kada ki bar maiƙo ko kaɗan. Ki dama alli da sifirit irin na wanke ciwo, ki shafa, ki jira ya yi fari fat. Sannan ki ɗauki guduma ki bubbuga gefe. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a kan allin. In babu, fari zai zauna fari.

Ki yi a gaban Nelson, da rana, kowa na gani. In allin bai nuna komai ba, ki buɗe baki ki ce kin yi kuskure, ba za ki mutu ba. In ya nuna, to ko ni na zo Legas na ce ki sa hannu, kada ki sa.

Ki ci abinci. Joanna ta ce kin rame a hoto.

Babanki,
Azariya

Legas, 16 ga Nuwamba

Babana,

Ina gaisuwa, a gai da Mama. Wasiƙarka ta yi mini zafi, na yi fushi da kai kwana ɗaya cur, sannan na je na sayi alli.

Akwai maganin feshi da ake wannan gwaji da shi a nan, amma Oga Nelson ya kulle shi a sito ya ce ba a buƙata. Da ma'aikata suka gan ni da galan ɗin kananzir, dariya suka yi, wai ko girki zan ɗora. Na yi yadda ka ce.

Sandar hagu ta zauna fari fat. Ramukanta na sama ne, za a iya gyara su. Na juya na ce, "Oga, a kan wannan kai ne da gaskiya, ka yi haƙuri." Ya yi murmushi har kunne.

Sai ta dama. Bugu na uku, Baba, layi ya fito, siriri kamar zare, ya zagaye kusan rabin sandar. Selina, mai yi mana walda, ta cire gilashinta ta ce ita ba za ta taɓa wannan ba. Oga Nelson ya sa babban yatsa ya goge layin. Na sake bugawa, ya sake fitowa. Ya ce wannan aikin ƙauye ne, ba a rubuce yake a littafin kowa ba. Ya ce tunda mun ƙi, ran Litinin zai aika da sandar wani shago a yi waldar, wani ya sa hannu.

A nan na gane ƙin sa hannuna bai tsare kowa ba. Sandar za ta koma cikin jirgi, ni kuma in zauna ina yabon kaina. Da aka tashi cin abincin rana, na ɗora ta a kan injin yankan ƙarfe daidai kan layin. Minti arba'in ta ɗauka. Ban kashe injin ba ko sau ɗaya. Da ta rabu biyu, ciki baƙi ƙirin, tsatsa ta ci ta shiga, ƙarfe mai kyau da ya rage bai fi rabi ba.

Yanzu babu mai iya mayar da ita. Oga Nelson ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya ce in tafi gida sai ya neme ni. Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma da za a haɗa sandar, da na sake yanka ta.

'Yarka,
Yemima

Sabon Tasha, 19 ga Nuwamba

Yaya Azariya,

Salama. Na roƙe ka ka kashe wuta, ashe kananzir ka aika!

Ga inda magana ta tsaya. Mai jirgin ya ga guntayen, ya sa an yi odar sabuwar sanda, ya fasa tafiyar Kirsimeti. Yanzu yana tambaya wane ne ya so a yi walda. Na sha wuya kafin Nelson ya bar maganar 'yan sanda. Ya yarda Yemima ta koma aiki da sharaɗi ɗaya. Zai rubuta takarda cewa sandar tana da lafiya, ita ce ta lalata ta da gaggawar ƙuruciya, ta sa hannu kafin Jumma'a. In ba haka ba, ta kwashe kayanta, kuma ya ce zai ga wanda zai ɗauke ta a bakin ruwan Legas.

Layi huɗu ne kawai, Yaya. An riga an yi odar wata sanda, babu wanda zai nutse. Me za ta rasa? Ka yi mata magana, don Allah, ko don fuskata.

Naka,
Wilfred

Kafanchan, 21 ga Nuwamba

Wilfred,

Mun gode da gaisuwa, mun gode da wahalar da ka sha. Ba na mance alherinka.

Na yi mata magana kamar yadda ka roƙa. Na ce kada ta sa hannu. Ashe ma na makara, tun jiya ta je ta kwaso kayan aikinta.

Kana tambaya me za ta rasa. In ta rubuta cewa ruɓaɓɓen ƙarfe lafiyayye ne, gobe in ta ce wani ƙarfe lafiyayye ne, wa zai yarda ya hau? Sunana ne a ƙarshen sunanta, kuma bai taɓa zama a ƙarƙashin ƙarya ba.

Ka gaya wa abokinka ya riƙe aikinsa. Ni da 'yar'uwarka mun fitar da buhunan citta daga ɗakin Yemima, mun share, mun shimfiɗa gado. Ta ce ba za ta zo ba, za ta bi bakin ruwan nan shago shago sai an ɗauke ta. Mun bar ƙofar a buɗe duk da haka.

Ka gai da Rosemary da yara.

Azariya