Haƙorin Auta

Baban Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya lafa. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan sai godiya.

Akwai abin da na ɓoye maka wata bakwai, yau dai na gaji da riƙonsa.

Ka tuna ranar da Auta ta yi famfarar farko, ta biyo ni ɗakin gwaje-gwaje da haƙorin a hannu, wai in shuka mata shi? Don in faranta mata, na fasa shi, na ciro ɗan ɓargon da ke ciki, na raya ƙwayoyin halittarsa a faranti. Ta leƙa madubin ganin ƙananan halittu ta gan su, sirara masu tsini, ta ce kifaye ne. Daga baya na daskarar da su, na manta.

Sati biyu da rasuwarta na narkar da su. Baban Auta, sun farka.

Fibiroblas muke ce musu. Su ke saƙa zaren da ke riƙe naman cikin haƙori, su ɗinke inda ya yi rauni, in ƙwayar cuta ta shigo kuma su kira sojojin jiki. Kullum da safe ina canja musu ruwan abinci. Jiya na karce tsakiyar farantin da tsinke, yau na tarar sun rarrafo sun rufe wurin. Ba su san ta tafi ba, gyara kawai suke yi.

Na san ba ita ba ce. Na sani. Ka yafe mini.

Matarka,
Maman Auta

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta same ni lafiya. Na zaci faɗa za ka yi, sai ga shi ka ce za ka zo Asabar ka gan su da idonka. Na karanta wurin ya fi sau goma.

Ban gaya maka ba, ƙwayoyin nan suna tsufa. Akwai iyakar rabuwar da suke yi, daga nan su tsaya. Tun makon jiya suka baje, suka yi faɗi, na karce farantin ba wadda ta motsa. Ranar Talata suka fara sakin gindin farantin suna yawo a ruwa, alamar suna mutuwa ke nan. Shugabar sashenmu ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, kawo in zubar miki." Na ce a'a, ni na tashe su.

Da hannuna na zubar da su. Na wanke tebur, na rataye farar rigata, na zauna a matakala na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza.

Kada ka fasa tafiyar. Ka zo Asabar ɗin. Babu abin da zan nuna maka kuma, sai ni.

Taka har kullum,
Maman Auta