Pasha Biyu a Gilashi Ɗaya

Litinin, 3 ga Yuni

Ni, Injiniya Nusret Delalić, Shugaban Ƙungiyar Masu Kiwon Kifin Ado ta unguwarmu a Tuzla, mai lambar yabo biyu da tabarau uku, na buɗe wannan shafi da hannuna mai albarka, duk da cewa hannun tun jiya yana cikin jirgin alhazai ya nufi Madina. Ikon Allah.

Ƙungiyata mutum bakwai ce. Biyu ba sa ji, ɗaya ba ya gani, sauran ba sa ga maciji da juna.

Na bar gidana da kifayena a hannun ɗan ƙanwata Bajro, mai wankin mota, wanda na sha faɗa a gaban baƙi cewa kansa fanko ne, don bai yi karatun komai ba sai na mekteb, makarantar allon da ke bayan masallacin ƙauye. Na manna masa doka uku a jikin gilashin kifin. Kada ka ƙara abinci. Kada ka taɓa duwatsu. Kada ka saka KOMAI a ciki. Na ja layi uku a ƙarƙashin komai don jaki ya gane.

(Shafukan nan yage su zan yi kafin Kawu ya sauka. Kafin nan dai ni ne Shugaba.)

Laraba, 5 ga Yuni

Rahoton Shugaba. Ruwa: yana nan a jiƙe. Kifi: suna iyo.

Abin da Kawu ke cika shafi biyu a kansa ke nan kullum, da lambobi da zane. Siklid ake ce musu, wai daga tafkin Malawi, kuma idan zai faɗi sunan sai ya ɗaga hanci kamar jikokin sarkin Istanbul ne. 'Yan tsirarun dangin karfasa ne da aka shafa wa fenti. Ko goma ka soya ba za su rufe bakin biredi ba.

Akwai shuɗi mai ratsi-ratsi, Pasha, shi ke mulkin dutsen tsakiya, ya ƙi kowa ya gifta. Akwai kurungu biyu da ke kwana a ƙasa kamar 'yan fansho. Sai wata rawaya, Zlata, ta maƙale a kogon kusurwa, haɓarta ta kumbura, ba ta cin komai. Kawu ya ce ƙwai ta guntsa a baki, mako uku za ta yi a haka ba ci. Na ce masa ashe Hajiya ramuwar azumi take yi. Bai yi dariya ba. Ba ya dariya sai a taron ƙungiya, idan shi ya ba da labarin.

Jumma'a, 7 ga Yuni

Na karanta babin da ya sa wa suna "Wa Zai Zauna da Wa". Shafi goma sha huɗu! Wannan ba ya shiri da wancan, wancan sai da mata uku, wane kada ya ga wane. Ko masu neman aure ba sa bincike haka. A ƙarshe ya rubuta: "Kowane kifina na san shi da fuskarsa."

Da fuskarsa. Mutumin da ya gaisa da ni sau biyu a masallaci rana ɗaya.

Wani tunani ya zo mini.

Lahadi, 9 ga Yuni

Kasuwar Lahadi, bayan masu tattabaru, akwai mai sayar da kifi a leda. Na samu shuɗi mai ratsi, Pasha sak, kamar an tsaga kara. Kuɗin burek biyu, gurasar nan mai nama a ciki.

Dabarar ke nan: Injiniya ya dawo da sabuwar hula da sunan Alhaji, ya tara tsofaffinsa bakwai, ni kuma in miƙe da ladabi in ce, "Kawu, wanne ne Pashan?" Ina so in ga tabarau na ukun ya fito.

Shiri kuwa ai ba matsala. Launinsu ɗaya, ratsinsu ɗaya, 'yan uwa ne. In ma faɗa za a yi, da baƙon launi za a yi. Wannan ko ɗan mekteb ya sani.

Na juye shi. Shugaba ya amince.

Litinin, 10 ga Yuni

Suna gaisawa baki da baki. Zumunci.

Talata, 11 ga Yuni

Ba gaisuwa ba ce.

Na dawo daga wurin wanki na tarar da yashi ya turnuƙe, suna zagaye juna kamar fanka. Sauran duk sun taru a sama wajen bututu. Wanda aka fi ƙarfi ya gudu ya faɗa kogon kusurwa, ya koro Zlata waje. Tana rakuɓe bayan sandar ɗumama ruwa, jelarta ta yage gida biyu. Duk wanda ya wuce sai ya kai mata cizo, ita kuma ba bakin ramawa.

Za su gaji. Ko 'yan unguwarmu da suka fi su taurin kai suna gajiya.

Alhamis, 13 ga Yuni

Baba Sakib ya zo, mataimakin Shugaba, wanda ke jiran kujerar tun kafin a haife ni. Ashe Kawu ya sa shi ya riƙa leƙo ni. Ya hau bene hawa huɗu yana haki kamar tsohuwar bas, ya tsaya gaban gilashi, ya ƙura masa ido.

"Ɗan Fadila, idona ne ya lalace ko Pasha ne ya haihu?"

Na ce idonsa ne, Baba, shekaru ba wasa ba.

"Shekarun gidanku. Wa ya saka wannan?"

Na ce ɗan uwansa ne ya kawo ziyara.

"Ɗan uwa! Kai da kawunka ba hancinku ɗaya ba? Kun taɓa shan kofi ba a yi rigima ba?" Ya buga sandarsa a ƙasa. Wai siklid ba ya tsanar kowa kamar mai kama da shi, don shi yake gani zai ƙwace masa dutse da mata. Shi ya sa ake haɗa shuɗi da rawaya, mai ratsi da marar ratsi, a ƙara da kurungu da ba ruwansa da sarauta. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, in ji shi, sai ka ce shi ya ƙirƙiro maganar.

Na ce to a cire baƙon mana, abin ba wuya.

Ya yi wata dariya mai tari. Ba a kama siklid da koma matuƙar akwai dutse a ciki, sai an kwashe duka. Kuma ba a mayar da su yadda suke, don Pasha ya riga ya haukace, in ya ga dutsensa zai ci gaba da kisa. Sai an sake gini, kowa ya zama baƙo.

Wato Kawu yana shigowa ƙofa zai gane. Doka ta biyu da ta uku a faranti ɗaya.

Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Da me?"

Yana saka takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in rawayar ta firgita sosai haɗiye ƙwan za ta yi, ko ta mutu da su. "Ka san ta wace ce ai." Na ce na sani. Ban sani ba.

Jumma'a, 14 ga Yuni

Na juya littafin nan ta baya don neman takardar da zan naɗe burek. Rubutun ba na Kawu ba ne. Ƙanana ne, a kwance. Na Inna Mevlida ne, matarsa, da ta rasu bara da kaka.

Ashe ita ta fara. "Na sayo rawaya biyu, Nusret ya ce ɓarnar kuɗi." Shekara tara ke nan. Daga nan jerin haihuwa, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, kowace Zlata. Layin ƙarshe na wannan Zlatar ne. Ƙarƙashinsa da babban rubutun Injiniya: "Saura ɗaya."

Inna Mevlida ce kaɗai a gidan nan ba ta taɓa ce mini fanko ba. Takan ce in karanta mata Tabaraka tana murza ƙullu, wai muryata ta fi ta rediyo.

Burek ɗin a hannu na ci shi.

Asabar, 15 ga Yuni

Na ɗauki hoton duwatsun ta kowace kusurwa. Talatin da takwas ne. In na bi hoton zan iya mayar da su daidai, babu mai ganewa, in ce jelar Zlata a jikin dutse ta yage.

Yau ba ta ko motsa da na ƙwanƙwasa gilashi ba. Ta karkace.

Kifi ne fa. Kifi.

Lahadi, 16 ga Yuni, Babbar Sallah

Bayan idi Mama ta ɗora mini ledojin naman layya in raba wa maƙwabta. Ina hawa na biyu a gidan su Baba Sakib waya ta yi ƙara. Kawu, daga Mina, murya duk ta dishe, hayaniya a bayansa. Bai tambayi gida ba, bai tambayi ƙanwarsa ba.

"Bajro, ɗana. Bakinta na nan a cike?"

Ɗana. Rana ta taɓa shi, ba shakka.

Na ce a cike yake, Kawu. Ya ce jiya a Arfa ya yi wa Mevlida addu'a, sai ya samu kansa yana haɗawa da kifin, ya ji kunya. Ya yi wata 'yar dariya. Layi ya yanke.

Na miƙa wa Baba Sakib namansa na ce ya ɗauko bokitai.

"Yau? Ranar Sallah? Shaƙiyyi, da sabon wandona?"

Ya zo da sabon wandon.

Mun shimfiɗa tawul ɗin Kawu na baƙi a kan kafet, na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, hannuna har kafaɗa a ruwa, tsohon yana zaune a kujerar Shugaba yana ba da umarni kamar ya ci zaɓe. Zlata ba a taɓa ta da koma, wai za ta tofar. Kwalbar zuma na wanke na nutsa, na yi ta lallaɓa ta da tafin hannu har ta shiga da kanta. Na ɗauke ta da ruwanta zuwa ƙaramin gilashin da ke kicin. Ban san ina karanta Ayatul Kursiyyu ba sai da Baba Sakib ya ce amin.

Sai shuɗayen biyu. Duk sun koɗe don tsoro, leɓunansu sun yi fari, suna kusurwa ɗaya.

"To, malamin mekteb, wanne ne na gida? Ni dai ban gani."

Na ce na hagu. Ratsinsa na uku ya rabu biyu a sama, kuma idan zai juya sai ya ɗan dakata kamar mai jiran a gaishe shi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da fuskarsa, ko?"

Na ce ya riƙe bokiti ya daina surutu. Ya tafi da na jabun gidansa, wai yana da gilashin da babu shuɗi ko ɗaya.

Duwatsun na gina su sabo: tsibi uku, babu na tsakiya. Na goge hotunan.

Talata, 18 ga Yuni

Pasha yana yawo kamar wanda aka sauke daga mulki. Ya kama tsibin dama, ya bar sauran. Kurungu ko a jikinsu.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ba ta mutu ba. Haɓar ta ragu, ko idona ne. Baba Sakib ya ce watakila ta haɗiye, a jira.

Mama ta ce, "Kai da ko kyanwa ba ka taɓa ba ruwa ba, yau kai ne ungozoma?" Mai wurin wanki ya ce in na sake guduwa da azahar in nemi aiki wajen kifin.

Ba gudu nake ba. Zafin ruwa nake dubawa. Ashirin da shida.

Lahadi, 23 ga Yuni

Shiru. Ta rame kamar allura.

Talata, 25 ga Yuni

Da hantsi ina shan kofi a tsaye, ta sauko kan yashi ta buɗe baki.

Bakwai. Kamar ƙwayar shinkafa mai ido. Na matso, inuwata ta faɗa kansu, ta zuƙe su gaba ɗaya ta koma kusurwa tana harara ta. Ni take ɓoye wa! Marar godiya.

Littafin Inna ya ce sukan kai ashirin. Sauran goma sha ukun na san inda suka tafi, na san kuma wanda ya aika su.

Ta ci abinci. Ƙwaya biyu na ba ta, ban ƙara ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Gobe jirginsu ke sauka. Mama tana can tana toya baklava, tsofaffi bakwai sun guge riguna.

Na zauna zan yage shafukan nan. Sai na ga ɗinkin littafin ɗaya ne: in na ja na gaba, na bayan za su zube, nata ke nan. Wannan ne dalili. Babu wani dalili.

Na buɗe bayan, ƙarƙashin "Saura ɗaya", na rubuta "Saura takwas." Rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma ana karantawa.

Har yanzu ina nan kan bakana: kifaye ne marasa kunya, ƙungiyar kuma taron 'yan fansho ce. Sai dai babin nan na shafi goma sha huɗu yana da gyara, bai faɗi yadda ake kama mai ƙwai da kwalba ba. Wani ya kamata ya ƙara.

Kawu, in ka iso nan, ka riga ka ga duwatsunka. Ba Injiniya ne ya rubuta wannan ba, ba Shugaba ba, ba mai lambar yabo ba. Bajro ne, ɗan Fadila, fankon nan. Ni na saka shuɗin, ni na yage mata jela, ni na ci goma sha uku. Ka yi faɗan a falo, kada ka yi a kicin. Ƙara tana firgita su.