Ranar da Amagai Ya Dawo Cikin Koriyar Riga

Shiohama, farkon Yuli

Zuwa ga ƙanwata Tamaki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, har tabarmin ɗakin Baba sun fara wari, amma muna nan kalau.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin jimami cewa yayanki, malamin adabi, mai furfura da kwarjini a idon ɗalibai, yana yawo a gari da rabin aski. An gyara gefen dama, gefen hagu yana nan yadda yake. Aikin Hikita ne, abokina tun muna firamare, mai askina, kuma shugaban masu busa begila a filin wasa. Musu ya kaure tsakaninmu almakashi na hannunsa, na fizge zanen wuyana na fita.

A kan Amagai muka yi musun. Na san besbol bai dame ki ba tun da aure ya kai ki arewa, to ga yadda ake ciki. Ƙungiyarmu, Shamuwa, tana can ƙarshen kowa, kamar bara, kamar bara waccan. Masu ƙungiya sun ce rushewa za su yi su sake gini da yara. Sun kira Amagai, babban mai jifan ƙwallo a ƙungiyarmu, wanda ya haura arba'in, suka ba shi zaɓi. Ko ya zauna zuwa kaka a yi masa wasan bankwana ya ajiye wasa, ko su ba da shi ga Barewa, ƙungiyar garinku, su karɓi yara biyu a madadinsa.

Hikita ya ce, "A sake shi ya tafi, Malam. Hannun nan da sauransa, mu kuwa ba za mu ci komai nan kusa ba. Me zai zauna yi mana, gadin fili?" Na ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a garin nan, a garin nan ya kamata a sallame shi. Ya ce, "Kai matsalarka littattafai. Kowa so kake ya mutu da kyau." A nan na tashi.

Kin tuna yadda ake wasan bankwana. Mai ajiye wasan ya hau tudun jifa ya fuskanci mutum ɗaya tak. Mai sandan dukan ƙwallo ya san aikinsa, ya kaɗa iska sau uku da gangan, ya cire hula ya rusuna. A kawo furanni, abokan wasa su ɗaga shi su yi ta cillawa sama, tsofaffi su share hawaye. Abin da nake so Baba ya gani ke nan.

Don gaskiya, Tamaki, ba Amagai ne damuwata ba. Baba yakan kira ni da sunan marigayi Baffa Isao. Jiya ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa. Amma bai taɓa kuskuren ranar jifan Amagai ba. Ranar zai tashi da kansa, ya sa tsohuwar farar rigar ƙungiya, ya cinye shinkafa da kifi har ya nemi ƙari. Sauran kwanakin mako da ƙarfin wannan ranar muke lallaɓawa.

Na karanta abin da kika rubuto game da gidan kula da tsofaffi. Ban ce ba ki da hujja ba. Ina roƙonki dai ki bar min shi zuwa kaka.

Ki gai da mutanen gida.

Naki, yayanki,
Shuzo

Shiohama, tsakiyar Agusta

Zuwa ga Tamaki,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan zafin bana bai kai ku yadda ya kai mu ba. Na gode da busasshen kifin da kika aiko. Yana nan, ba a taɓa ba, kuma dalilin wasiƙar ke nan.

Kin riga ni sani, tunda hoton Amagai na manne a tashar jirgin ƙasan garinku. Amagai ya zaɓi tafiya. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya rusuna, ya ce yana so ya ci gaba da jifa. Ban taɓa jin haushin mutum mai ladabi irin na ranar ba.

Ban gaya wa Baba ba. Na ce masa kafaɗar Amagai ce ta motsa, an ba shi hutu. Jarida nakan cire shafin wasanni kafin ta kai gare shi. Rediyonsa na zare masa batir na ce ya lalace. Ni da nake koya wa yara cewa ƙarya ita ce mafarin faɗuwar manyan gidaje, ga ni ina ɓoye batir a cikin takalmi.

Kowace safiya tambayarsa ɗaya: "Yau wa zai yi jifa?" In na faɗi sunan wani yaro, sai ya ce, "To," ya ture kwano. Romon miso, na waken suya ɗin nan, kaɗai yake kurɓa, shi ma don in daina tsaya masa a kai. Wandonsa ya fara zamewa. Likita ta auna shi ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce in aka ci gaba a haka, kwantar da shi za a yi a riƙa ba shi abinci ta roba.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta masu ilimi ce. Na samo faifan wani tsohon wasa, na saka a talabijin ranar Lahadi, na shigo da gudu na ce, "Baba, Amagai ya warke!" Ya gyara zama. Na kawo shinkafa, har ya ɗauki tsinkayen ci. Zagaye na farko bai ƙare ba ya ajiye su. Ya ce, "Wannan ai mun ci shi. Ranar da aka yi ruwa, hular mai cafke ta faɗi a laka. Jira ka gani." Muka jira, hula ta faɗi a laka. Mutumin da bai san Inna ta rasu ba, ya san hular da ta faɗi shekarun baya.

Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi a hankali, "In sun sa faifai, hannun ya tafi ke nan." Ya juya fuska bango. Tun ranar ya daina tambayar wa zai yi jifa.

Kin ce in gaya masa gaskiya, kuma tunda Barewa za ta zo filinmu a Satumba, in kai shi ya gani da idonsa. Haba, Tamaki. Tun kafin a haife mu Baba yake zama a kujerun bayan fili, inda ake busa. Kin san dokar wurin: ba a shiga da launin baƙi, ba a yi wa baƙi tafi, murya ɗaya ake yi, ita ma sai namu na riƙe da sanda. Ya zauna a nan ya ga Amagai cikin koriyar riga yana jefa wa yaranmu ƙwallo, Hikita na busa a buge duk abin da ya jefa? Abu ɗaya ya rage masa a duniya wanda bai rikice ba. Ba ni zan rikita shi ba.

Ban san abin da zan yi ba. Na dudduba duk abin da na karanta, babu shafin da ya ce ga yadda ake sa uba ya ci abinci. In kin san girkin da Inna take masa in ya yi fushi, ki rubuto min. Har yanzu da hula nake shiga aji.

Yayanki,
Shuzo

Shiohama, ƙarshen Satumba

Zuwa ga ƙanwata Tamaki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na samu saƙonki cewa kin yi magana da likita, kun tsayar da Litinin mai zuwa a kwantar da Baba. Ban yi fushi ba. Ki karanta wannan tukuna.

Ranar Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da takalman Hikita a bakin ƙofa. Shi yake yi wa Baba gyaran fuska, kuma ya ce da ni yake gaba, ba da tsoho ba. Na shiga na samu Baba kwance da kumfa a haɓa, Hikita na cewa, "Baba, jibi fa Amagai zai yi jifa a filinmu. Da rana." Na yi masa ido, na yi tari, na taka masa ƙafa. Ya ce, "Malam, reza ce a hannuna." Baba ya buɗe ido ya ce a nemo masa farar rigarsa.

A ƙofar gida na kama Hikita na ce in wani abu ya sami Baba, shi ne. Ya ce, "Wani abu ai ya riga ya same shi. Dubi wuyansa, har tsoron jan fatar nake." Na koma ciki na ɗauko farar rigar.

Lahadi muka tafi. A kan matakala kusan ɗaukarsa na yi, ba nauyi ko kaɗan. Na sayi ƙunshin abinci biyu don kada a ce ban saya ba. Duk hanya ina shirya yadda zan yi masa bayani, na kasa, har muka zauna.

Da lokacin da namu za su riƙe sanda ya yi, 'yan Barewa suka fito fili. Ga Amagai cikin kore, da wata lamba da ba tasa ba. Ya tsaya a bakin layi ya cire hula ya rusuna wa fili, ya tsallake layin da ƙafar hagu kamar kullum. Hikita ya ɗaga begila, ganga ta ɗauka, dubban mutane suka fara kiran sunan mai sandanmu. Na riƙe hannun Baba ina jiran abin da zai faru.

Ya zare hannunsa. Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Da muryar da yake kiran mutane da ita a wurin ƙera jiragen ruwa, ya kwarara, "Amagai! Ba shi ta ƙasa! Ba ya ganin ta ƙasa!"

Idanun layinmu duk suka dawo kanmu. Wani saurayi ya juyo ya ce, "Kaka, kujerun baƙi suna can." Mai gadi ya fara gangarowa. Na tashi ina rusunawa hagu da dama, ina neman afuwa, kunya kamar in nutse. Sai Hikita ya sauke begila ya ce wa mai gadin, "Ɗan'uwa, koma. Wannan tsohon ya riga siminti zuwa wurin nan." Ya ce wa saurayin, "Kai kuma in kana da murya, rufe tasa." Ya mai da begila baki. Haka aka yi wasan, su duka suna busa a buga, Baba shi kaɗai yana ihu a kasa bugawa.

Amagai ya ba shi ta ƙasa, mai sandan ya kaɗa iska ya fita. A zagaye na biyar kuma ɗaya daga yaran nan biyu da aka karɓo a madadinsa ya ɗaga ƙwallo ta wuce kanmu ta bar fili. Wuri ya ɗauka. Na dubi Baba a tsorace, na gan shi yana dariya, yana dukan gwiwa. Ya ce, "Ka gani? Da gaske yaron ya buga. Ba su tausaya masa ba."

Ban san abin da ya kai ni ba, na ce ai da ya zauna da an yi masa wasan bankwana, da furanni da komai. Baba ya dube ni, kuma na tabbata ni ya gani, ba Baffa Isao ba. Ya ce, "Na kaɗa iska da gangan? Ni ma an ba ni furanni ranar da na ajiye walda. Kashegari ba wanda ya sake tambayata komai." Sai ya ce, "Miƙo abincin nan."

Ya cinye nasa. Ya ɗauke kifin da ke cikin nawa ba tare da ya tambaya ba. Na juya kai ina kallon allon maki, ban iya karanta shi ba.

Ba zan ce miki ya warke ba. A jirgin komowa ya tambaye ni ko Inna ta ajiye mana ruwan wanka. Amma yau da safe ya ci shinkafa da kifinki, ya sa na mayar masa da batir, ya ce yaushe Amagai zai sake jifa. Na ce Asabar, a can arewa. Ya ce, "Ba can Tamaki take ba?"

Saboda haka ki roƙi likita ta ɗaga mana Litinin ɗin, ta sake auna shi in mun dawo. Ki gyara ɗaki, ki nemo mana kujeru uku a ɓangaren Barewa. In da hali ki sayo masa koriyar hula, ni tawa ta ishe ni.

Ke da Hikita kuka yi daidai, ni na yi kuskure. Ke na gaya miki a rubuce. Shi kuwa gobe zan je in zauna a kujerarsa in cire hula, ya ƙarasa abin da ya fara.

Ki gai da kowa.

Naki har kullum, yayanki,
Shuzo