A Dawo Mana da Ƙwaryar Inna Hajo

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsabtar Abinci na Kasuwarmu, Illela.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya, haka ma sabuwar farar rigar aikin nan da muke hangowa tun daga bakin tasha. Sunana Garba, dillalin albasa. Na rubuto ne a kan mahaifina, Malam Isa, dattijon da ke neman daina cin abinci albarkacin aikinku.

Baba yana da ciwon suga, tuwo kuma ya daina wuce masa. Likita ya ce a nisanta shi da zaƙi da kayan gwangwani, a riƙe shi da abin da ya saba. Abin da ya saba kuwa furar gero ce da nonon Inna Hajo, Bafulatanar da ke zuwa daga rugarsu ta wajen Garu. Tun ina yaro take zama a ƙofar kasuwa. Mun san shanunta, mun san inda suke kiwo.

Bayan Babbar Sallah kwamitinka ya kafa doka, wai ba a sayar da nono sai a bokitin roba mai murfi. Ma'aikatanka suka same ta da ƙwarya da faifai, suka ce ƙazanta ce, suka tashe ta a bainar jama'a, har ɗayansu ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar. Mace mai jikoki fa! Ta tsince ludayinta ta tafi, ba ta sake takowa ba. Yanzu Ƙonni take kai nononta. Mutanen Nijar suna shan daɗi, mu an bar mu da tsabta.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya: Yallaɓai, ka taɓa sa a ɗaga murfin bokitin nan da ka amince da shi? Mutanenka murfin kawai suke dubawa su wuce. Abin da ke ciki madarar buhu ce, a dama da ruwa, a bari ta kwana ta yi tsami, a ƙara gari don kauri, a zabga suga don a rufe bakin mai sha. Nonon nan bai taɓa haɗuwa da saniya ba sai hotonta da ke jikin buhu. Bokitan kuma rabinsu na fenti ne aka ɗauraye, har yanzu ana karanta launin a gefe.

Na biyu: ni ba na gaba da tsabta. Amma kwatar bayan mahauta tana nan, ƙudajenta sun yi ƙiba har ba sa iya tashi. Masu barbaɗa wa wake maganin ƙwari suna nan a shagunansu, kana wucewa kuna gaisawa da hannu biyu. Duk kasuwar nan ba a ga abokin gaba ba sai ƙwaryar da ake wankewa a shanya a rana kullum, wadda in ta fashe ƙasa ta cinye ta, ba ta toshe wa kowa kwata.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Na yi wa Baba dabara, na sayo na bokiti na juye a ƙwarya. Ludayi ɗaya ya kurɓa ya tofar, ya bi ni da kallo kamar na sayar masa da akuya. Da yunwa ta matsa ya daure ya sha, suga ya hau, muka wuni a asibiti. Tun daga nan sai ɗan kunu. Rigunansa sun yi masa yawa, masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi. Na hau babur har ruga. Inna Hajo ta cika mini gora kyauta, ta ce a gai da shi, amma ba za ta koma inda aka kunyata ta ba. Ni ba zan iya zuwa ruga kullum ba, nono ba ya jira, wutar firji kuma ka san labarinta. Wallahi tsoro nake ji, ina kallon ubana yana ƙarewa a tsakiyar garin da shanu suka kewaye.

Don haka ina roƙo. A janye dokar bokiti, a riƙa duba abin da ke cikin mazubi. Sannan wanda ya ture ƙwaryar ya je ruga ya ba da haƙuri, kai ma ka raka shi, domin sanarwar lasifika ba za ta dawo da Bafulatanar da aka ci wa fuska ba. A hanzarta, Yallaɓai, Baba ba shi da ƙarfin jiran zaman kwamiti.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ja kwananka har ka kai shekarun mahaifina. Ranar da tuwo ya daina wuce maka, Allah ya sa a samu saniya a kusa, ya kuma raba ka da shugaban kwamiti mai ƙwazo irin naka.

Wassalam.

Naka,
Garba Mai Albasa, Illela.